Ta Daɗe a Shago, Ba Ta da Ko Ƙwarzane

Masu karatu, ku gyara zama. Duk wadda take shan wani abu ta ajiye kofin, don ba zan ɗauki alhakin ƙwarewar kowa ba. Yau zan ba ku labarin yadda na kai kaina kasuwa da hannuna, ban ma sani ba.

Ga sabbin zuwa, ni ce autar mai shagon kujeru da gadaje, wadda ta yi karatun kwamfuta ta dawo gida ta zauna. Baba yana ce mini Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Mama kuwa in ranta fari ne ta ce Auta, in ya ɓaci ta ce Injiniya, ta ja kalmar har sai na ji ta a ƙashin bayana. Kwanakin nan Injiniya nake sha safe da yamma.

Dalilin ba ya wuce likitan haƙori, ɗan ƙawarta. Ni a raina Buɗe-Baki nake kiransa. Mutum ne tsaf, ga mota, ga turaren da yake riga shi shiga falo. Ranar da ya fara zuwa na sa doguwar rigata ruwan zuma, na yafa mayafi mai ɗan duwatsu a baki, na kawo masa shayi a kofunan da Mama ba ta fitarwa sai ga manyan baƙi. Ya yi wata magana, na yi dariya don ladabi. Sai na ga ya matso ya ƙura wa bakina ido.

"Wannan gibin naki ana iya rufe shi fa. Aiki ne mai sauƙi."

Gibi! Wushiryata yake kira gibi, jama'a. Wushiryar da tun ina firamare ake tsayar da ni a hanya ana sa mata albarka. Tun daga ranar na soke sunansa a zuciyata, amma Mama ta ce shi ne dai. Baba kuma magana ɗaya ya yi: in ina da wani in fito da shi, in babu, ba zai kunyata mutanen kirki ba. Ni kuwa ko wanda zai ce mini sannu da rana ba ni da shi.

Ana cikin haka na gama haɗa wa shagon Baba shafin intanet. Na zuba hotunan kaya, kowanne da bayaninsa, bayanan kuma Baba ne ya faɗa da bakinsa ina rubutawa. A gefen wata kujera mai ruwan toka na sa ɗan hotona, ina murmushi, a matsayin mai kula da shafi. Na duba a wayata, na duba a kwamfutata, komai ya zauna daram. Na ce wa Baba ya duba. Ya ce shi kwamfutar ofishinsa, wadda yake lulluɓewa da tawul tun ina goye, karta kawai yake bugawa a cikinta. Na yi dariya na manta da zancen.

Washegari da safe ni da Mama muna wanke kofuna wayar Mama ta yi ƙara. Gwaggo ce, yayar Baba. Mama ta sa ta a lasifika don hannunta da kumfa.

"Haba Maman Auta! Ko mun rasa masu so ai ba ma kai yarinya kasuwa ba!"

"Wace kasuwa kuma, Yaya?"

"Ga ta nan a wayata tana washe baki, an rubuta wanda ya fara zuwa shi zai ɗauka! Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta yau ba."

Mama ta goge hannu a zani, ta buɗe shafin a sabuwar wayarta. Ga kujera da bayaninta, ga ni da nawa. Ta taɓe baki ta ce, "Yaya, ko dai gilashinki ne?" Nan fa aka yi ta. Gwaggo ta ce an mayar da ita makauniya, Mama ta ce dama tun aurenta ake nemanta da sharri. Ni dai na buɗe shafin, na rufe, na goge duk abin da burauzata ta ajiye, na sake buɗewa. Lafiya lau. Na ce a raina tsufa ne ya fara taɓa Gwaggo.

Da yamma Baba ya dawo, yana juya shayinsa a hankali ya ce, "Abin mamaki. Yau kowa kujerar nan mai ruwan toka yake tambaya. Wani dattijo har cewa ya yi, tana iya girki?"

Bai ko kalle ni ba. Ni kuma na fara jin ƙamshin magana.

Ina shiga ɗaki saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum. Ina magana da mai kula da shafin shagon kujeru?"

"Wa'alaikumus salam. Ita ce."

"Ina tambaya ne a kan wadda ta daɗe a shago. Tana nan, ko an riga ni?"

"Kujerar kake nufi? Tana nan."

"To, ban san kujera tana yafa mayafi ba."

Sai ga hoto. Da waya ya ɗauki allon wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya. Ga fuskata ta cika allon, wushirya a waje, a ƙarƙashina kuma da manyan baƙaƙe: "Ta daɗe a shago, amma ba ta da ko ƙwarzane. Ga laushi, ga ƙarko. Wanda ya fara zuwa shi zai ɗauka." Can ƙasa kuwa, a saman wani sif mai ƙofa biyu, an rubuta: "Ta yi digiri a kimiyyar kwamfuta. A tuntuɓe ta kowane lokaci."

Na kifa kaina a filo na yi ihu. Wayyo Gwaggo, ki yafe mini.

Bari in yi muku bayani a taƙaice, don na san wasunku lalle da ɗinki suka fi ku damu. Burauza ita ce manhajar da kuke buɗe shafi da ita. Ni na tsara shafin ne gida-gida kamar kiret ɗin ƙwai, na ce wa kowane hoto ga gidanka, kowane bayani ga naka. A rubuce kuwa hotunan na fara jerawa, kujera sannan ni, bayan su bayanin kujera sannan nawa. Sabuwar burauza tana jin wannan yaren, sai ta kai kowa gidansa. Tsohuwa ba ta taɓa jin sa ba, kuma ba ta tambaya. Sai kawai ta jibge su ɗaya kan ɗaya yadda ta tarar da su. Ka ga bayanin kujera ya faɗo daidai ƙarƙashin haɓata. Ma'ana duk mai tsohuwar waya ko tsohuwar kwamfuta ya ga tallata. Shi ya sa masu kiran shago duk dattawa ne.

Na share hawayen dariya da na takaici, na rubuta masa: "Malam, wace burauza ce wannan? Wane zubi ne?"

"Ban sani ba. Na dai san ta girmi wasu masu zuwa karatu a nan."

Ashe ma'aikacin ɗakin karatu ne, wanda yake bayan tashar mota, ya shiga shafin yana nema musu kujerun zama. Ni kuma ba ni da tsohuwar na'urar da zan gwada gyara a kai, ba zan kuma tunkari Gwaggo in ce ta ara mini wayarta ba, sai in na shirya jin tarihin duk laifin Mama. Don haka da safe na sa baƙar abaya, na naɗa ɗankwali har gira, na rataya jakar kwamfuta, na nufi ɗakin karatun. Na yi alkawarin ba zan yi murmushi ba ko da wasa.

Ɗakin karatun dogo ne, fanka tana juyawa da ƙyar, ga warin tsohuwar takarda. A bango an manna wani allo da ya ce SHIRU, a ƙarƙashinsa kuma wani dogon mutum siriri yana zaune, riga shuɗiya da aka naɗe hannunta, biro a bayan kunne. Nan take na raɗa masa suna Malam Shiru. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi allon kwamfutar da ke gabansa, ya sake dubana.

"Lallai," ya ce cikin raɗa, "ba ƙwarzane."

"Malam, aiki na zo yi."

"Bismillah. Ga kujera. Ta gaske."

Alkawarina bai kai ko ina ba. Na toshe baki da gefen mayafi.

Gyaran farko bai ba ni wuya ba. Na ɗaure kowane hoto da bayaninsa a akwati ɗaya, yadda ko burauza ta jibge su, kowa zai faɗi da nasa. Na sabunta shafin a tsohuwar kwamfutar, tana nishi tana jan numfashi, har hotona ya sauko da digirinsa. Sif ya koma sif. Na ce alhamdulillahi.

Amma tsohuwa ba ta gama da ni ba. Sunan shagon ya hau kan lambar waya. Hoton wani gado ya miƙe har ya fita daga allo. Maɓallan ƙasa kuwa sun manne da juna kamar 'yan motar haya, don umarnin da na ba da na barin tazara tsakaninsu shi ma sabon yare ne. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ture kowanne da tsohuwar hanya. Malam Shiru ya jawo kujera ya zauna ɗan nesa, yana kallo.

"Me ya same su?"

"Ba ta san tazara ba. Komai haɗe shi take yi."

"Ayya. Ba ta da ido ne." Ya gyara biron kunnensa, idonsa a kan allo. "Ni kuwa a ganina akwai tazarar da bai kamata kowa ya taɓa ba."

'Yan uwa, na rantse muku ban san lokacin da na rufe bakina ba. Kunnuwana suka yi zafi. Na danna abin da ban yi niyya ba, shafin gaba ɗaya ya koma fari fat. Shi kuwa ko gezau, sai ma ya nuna mini allon bango da ɗan yatsa, wai in yi shiru.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin ya ƙare tun a zuwa na biyu. Amma kullum sai an samu wani ɗan maɓalli da ya karkace. Wani lokacin ma ni nake karkatar da shi da safe kafin in yi wanka, in zauna ina jiran saƙo. Ba ya daɗewa.

"Hajiya mai kujera, yau hoton teburi ya hau kan na madubi."

"Subhanallahi. Ina zuwa."

In na je kuma sai in hau shi da tsiya. "Ku dai a sabunta muku waɗannan gawarwakin mana. Wannan ai gidan tarihi ne." Ya ce ya sha kai kuka wurin manya, ba a saurare shi ba. Na ce to bai iya naci ba ne. Ya ce zai koya.

Matsalata ɗaya da shi: komai a kujera yake ƙarewa. Kujerar tana lafiya? Kujerar ta ci abinci? An yi wa kujerar tayi? Bai taɓa fitowa fili ya ce ke nake nufi ba. Ni kuma ina sonsa. Na faɗa, ku yi ta dariya. Ina son yadda yake magana ƙasa-ƙasa, da yadda yake hura ƙurar littafi kafin ya miƙa wa mutum. Amma da wane baki zan je gaban Baba in ce ga wanda na fito da shi, alhali ban sani ba ko wasa kawai yake yi?

Gwaggo kuwa ba ta zauna ba. Ta zagaya dangi kaf da labarin talla, har ya kai kunnen uwar Buɗe-Baki. Rannan ina guga Mama ta shigo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Injiniyaaa. Kin ga abin da kwamfutarki ta jawo mana ko? Allah ya sa mutanen nan masu haƙuri ne. Babanki ya ce ƙarshen makon nan zai ba su amsa. In kina da wani ki fito da shi, in babu ki rufe mana baki."

"Ai shi ma rufewar yake so ya yi, Mama."

Allah ya so ni na kauce wa filon da ta wurgo mini.

Na zauna a bakin gado, dutsen guga yana huci a gefe. Na ɗauki waya na rubuta masa "Malam, da gaske kake ko", na goge. Na rubuta "Akwai maganar da", na goge. Kunya ta hana ni, lokaci kuma ba ya jira. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin wadda shaiɗan kansa zai tafa mata.

Tunda tsohuwar burauza ce ta haɗa mu, ita za ta kai saƙo. Ba a ce wa tsohuwa ta nuna abu a ɓoye, ba za ta gane ba. Abin da ake yi shi ne a rubuta maganar a fili a saman shafi, sannan a raɗa wa sababbi da yarensu cewa su ɓoye ta. Sabuwa ta ji ta ɓoye, tsohuwa ba ta ji ba ta bar ta a sarari. Mama ba za ta gani ba, Buɗe-Baki da wayarsa mai ido uku ba zai gani ba. Gwaggo kuwa ta rantse ba za ta ƙara buɗe shafin ba har abada. Dattawan nan ma sun watse tun da sif ya mayar mini da digirina. Na rubuta cikin jan akwati:

"Malam Shiru, kujerar nan ba za ta wuce ƙarshen mako a shago ba, kuma wanda ya taya ba shi take so ba. In da gaske kake, mai shago yana ofis kullum da yamma."

Na duba a wayata, babu komai. Na yi tsalle a kan katifa kamar ƙaramar yarinya, ina yaba wa kaina basira.

Wunin ranar ban ji ɗuriyarsa ba. Washegari ma shiru, sunansa ya bi shi. Na kai waya kicin, na kai ta banɗaki, na ɗora ta a kan taga ko matsalar sabis ce. Har na fara cewa shi ke nan, ya gani ya tsorata, dama wasa yake. Na yi kuka kaɗan, ba da yawa ba, don na riga na sa kwalli.

Can da rana sai ga saƙonsa. Nan take na buɗe.

"Albishirinki! Nacin da kika koya mini ya yi aiki. Tun jiya da safe ake kwashe gawarwakin, yau an gama sa mana sababbi fil. Na buɗe shafinki, ya yi kyau tsaf, ban ga ko ɗigon matsala ba. Sai dai yanzu ban san da wane dalili zan riƙa ganin kujera ba."

Na karanta, na sake karantawa. Oh ni 'yasu! Da bakina na sa aka kashe ɗan aikena. Ina nan riƙe da kai, ban yanke shawarar dariya zan yi ko kuka ba, sai wayar ta sake ƙara. Baba.

"Uwata, zo shago yanzu. Ki shigo ta ƙofar baya."

Na zura hijabi a kan rigar barci, ko hoda ban shafa ba. Duk hanya ina lissafin laifuffukana. Na tura ƙofar ofis, sai na ga tawul a ninke a kan teburi. Tsohuwar kwamfutar Baba a kunne, tana nishi irin na 'yan uwanta. Ba karta ba ce a allon. Jan akwatina ne, ɓaro-ɓaro, Baba kuma ya sa gilashi yana bin sa da yatsa.

Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, kuskure ne. Matsalar burauza ce."

"Burauza ce ta san Malam Shiru?"

Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

"Tun ranar farko nake buɗe shafin nan safe da yamma," ya ce. "Aikin 'yata ne, ba zan duba ba? Na gan ki da bayanin kujera, na yi dariya har sai da na sha ruwa. Na ga maɓallan da suke karkacewa da safe su miƙe da yamma. Na ce to, akwai magana."

Ya cire gilashin ya goge da bakin riga. Muryarsa ta sauka.

"Mamanki ta gaya mini abin da likita ya ce, tana ganin kirki ne. Wushiryar nan ta mahaifiyata ce. Tunda ta rasu ban ƙara ganinta a fuskar kowa ba sai a taki. Ban ji daɗi ba, Uwata, amma ba ki kawo mini kowa ba, ni kuma ba na ƙin mutum babu hujja."

Nan kwallin ya tafi gaba ɗaya. Na yi ta jan hanci.

"Na kira ɗakin karatu na ce a ba ni Malam Shiru. Matar da ta ɗauka ta yi ta dariya, ta ce ta gane shi. Na ce masa ni ne mai shago, ya zo ya ga kujerar da yake ta tambaya."

"Baba! Ai bai ga saƙon ba! An canja musu kwamfutoci!"

"Na sani, ya gaya mini. Ni ma ban karanta masa ba. Ba ni na rubuta ba."

Ya miƙa hannu ya ɗaga labulen ɗan tagar da ke kallon cikin shago. Can tsakanin gadaje da madubai, ga shuɗiyar riga. Malam Shiru ne zaune a bakin kujera mai ruwan toka, ya haɗa gwiwoyi, ya cire biron kunnensa yana ta juya shi a hannu. Ya aske gemu, ya sa takalmin da ban taɓa gani ba, gumi kuma yana bin wuyansa duk da fanka tana kansa.

Na dubi rigar barcina da take leƙowa ta ƙasan hijabi, na dubi silifas ɗina wari da wari.

"Baba, don Allah bari in koma gida in shirya. Ko in tura masa saƙo."

Baba ya kashe kwamfutar, ya warware tawul ya lulluɓe ta a hankali. Sannan ya buɗe mini ƙofar da take shiga shago.

"An gama da saƙo, Uwata. Je ki buɗe baki."